Ɗan ci-ranin da ke aikin gona a ƙasar da ba tasa ba, wace doka ce ke tsaya masa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san shari'a da harkar ƙwadago.

Mutum ne ya tsallaka wata ƙasa yana aikin gona, tsinkar tumatir ko inabi ko lemo. Wani da bizar aikin kaka ya shiga, wani bizarsa ta ƙare yana nan, wani ma ko takarda ɗaya ba shi da ita. Mai gona ko ɗan kwangilar da ya kawo shi ya riƙe masa ladan wata biyu, ya karɓe fasfonsa wai zai ajiye masa, yana yankar kuɗin ɗaki da na mota daga abin da ya samu. In ya buɗe baki sai a ce za a kira jami'an shige da fice. Shin wanda ba ɗan ƙasa ba yana da wani haƙƙi da kotu za ta saurara? Rashin takarda yana soke ladan aikin da ya riga ya yi? Kuma in zai nemi haƙƙinsa, daga ina zai soma? Allah ya saka da alheri.

Barista A.:

Wa alaikumus salam, Malam. Rashin takarda ba ya soke ladan aikin da aka riga aka yi. Wannan shi ne ginshiƙin maganar. Dokar shige da fice tana magana ne a kan ko mutum zai zauna a ƙasa, dokar ƙwadago kuma tana magana a kan abin da ke tsakanin wanda ya yi aiki da wanda ya ci moriyar aikin. Masu gona da yawa suna cakuɗa biyun da gangan, don tsoro ya rufe bakin ma'aikaci.

A matakin duniya, yarjejeniyar da ta fi fayyace batun ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare haƙƙin 'yan ci-rani da iyalansu, wadda aka amince da ita ranar 18 ga Disamba 1990, ta fara aiki a 2003. Sashe na 25 ya ce a biya baƙo daidai da ɗan ƙasa, ya kuma ƙara da cewa rashin takardar ma'aikaci ba ya sauke wa mai aiki nauyin da ke kansa. Sashe na 21 ya hana kowa ƙwace fasfo ko takardar shaida, in ban da jami'in da doka ta ba izini, shi ma sai ya ba da rasit. Sashe na 28 ya ce ba a hana mutum magani na gaggawa saboda takarda. Matsalar ita ce ƙasashe kusan 60 ne suka ɗaure kansu da ita, galibinsu masu tura ma'aikata. Amurka ba ta ciki, Kanada ba ta ciki, babu ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai, babu ƙasashen Tekun Fasha masu arzikin mai. Don haka kada kowa ya shiga kotun Italiya ko Sifaniya yana ɗaga wannan yarjejeniya kaɗai, ba za ta kai shi ko'ina ba.

Abin da ke aiki a zahiri dokar cikin gida ce, kuma a Turai tana da ƙarfi fiye da yadda mutane ke zato. Tarayyar Turai ta yi doka a 2009, mai lamba 52, kan hukunta masu ɗaukar baƙi marasa takarda aiki. Sashe na 6 ya wajabta wa mai aiki biyan duk ladan da ya riƙe, a lissafa aƙalla da mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Idan aka rasa hujjar tsawon lokacin aikin, sai a ɗauka wata uku ne, sai dai in wani ɓangare ya kawo hujjar akasin haka. In an riga an tasa ƙeyar ma'aikacin, kuɗin aika masa da haƙƙinsa gida ma a kan mai aikin yake. Faransa ta ƙara a kan wannan: baya ga ladan da aka riƙe, akwai diyyar albashin wata uku idan aikin ya yanke. A Sifaniya dokar baƙi ta 2000 ta ce rashin izinin aiki ba ya ɓata kwangila ta fuskar haƙƙin ma'aikaci.

Akwai shari'a ɗaya da ya kamata duk mai bin wannan batu ya sani. A watan Afrilu 2013, a Manolada ta ƙasar Girka, masu gadin gonar sitiroberi sun buɗe wa ma'aikata 'yan Bangaladash wuta lokacin da suka je neman albashin watanni da aka riƙe musu, mutum 30 suka jikkata. Kotun Girka ta wanke waɗanda ake tuhuma daga laifin safarar mutane, hujjarta ita ce ma'aikatan da ƙafarsu suka zo kuma ba a kulle su ba. Mutum 42 suka kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, kuma ranar 30 ga Maris 2017 ta yanke cewa aikin tilas ne. Kotun ta ce amincewar da mutum ya yi da farko ba ta wanke wanda ya yi amfani da rauninsa, kuma ba sai an sa kwaɗo a ƙofa ba kafin a kira abu aikin tilas. Wanda ya san in ya tafi zai rasa ladan wata shida, ga shi ba takarda, a ɗaure yake. Kotun ta umarci Girka ta biya kowannensu yuro 12,000 ko 16,000.

Amurka tata daban ce, kuma ta fi tsauri ga ma'aikacin gona. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1935 ta cire ma'aikatan gona ɗungurungum, kuma har yau dokar tarayya ba ta ba su kuɗin ƙarin awanni ba, sai wasu jihohi irin su Kalifoniya da suka yi tasu. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa marar takardar da aka kora saboda harkar ƙungiya ba za a biya shi albashin lokacin da ya zauna ba aiki ba. Amma kotunan ƙasar sun ci gaba da bambanta wannan da ladan aikin da aka riga aka yi, shi kam ana biya. Shekara guda bayan haka Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka, bisa buƙatar Meziko, ta ba da fatawar cewa da zarar an ɗauki mutum aiki haƙƙin ma'aikaci ya hau kansa, ko yana da takarda ko babu.

Ɗan Ƙungiya:

Barista ta faɗi doka. Ni zan yi magana a kan inda ƙararraki ke mutuwa, don yawancinsu ba rashin doka ke kashe su ba, rashin hujja ne da ƙarewar wa'adi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar farko ma'aikaci ya samu ƙaramin littafi, kullum ya rubuta kwanan wata, lokacin da mota ta ɗauke shi, lokacin da ya shiga gona, lokacin da ya tashi, hutun da aka ba shi, yawan kwanduna ko layukan da ya yi, da abin da aka ba shi a hannu. A rubuta a ranar, da biro, ba a bari sai ƙarshen wata ba. Alƙali yana gane littafin da aka cika a zama ɗaya, kuma yana rage masa daraja. Kowane mako a ɗauki hoton shafukan a tura wa wani amintacce a waje, domin waya ita ce abu na farko da ake ƙwacewa ko take ɓata ranar da rigima ta tashi. A ɗauki hoton allon ƙofar gona, lambar motar da ke jigila, tambarin da ke jikin akwatunan da ake zuba kaya, da ɗakin kwana. A bar manhajar taswira ta waya tana ajiye wuraren da aka je. Saƙon WhatsApp da ɗan kwangila ya turo yana cewa a fito ƙarfe biyar na asuba hujja ce, kada a goge.

Dalilin hoton akwatuna da allon gona shi ne tambayar da ke kayar da mutane da yawa: wane ne mai aikin? Ma'aikaci sunan laƙabin ɗan kwangila kawai ya sani, shi kuwa ranar da takardar sammaci ta fito ya yi layar zana. Mai gona sai ya ce bai taɓa ɗaukar kowa ba. Dokar Turai da Barista ta ambata, a sashe na 8, ta ba da damar a bi wanda ya ba da kwangilar. Italiya ta wuce nan a dokarta mai lamba 199 ta 2016, wadda ta sa mai gonar da kansa cikin masu laifi, ba dillalin ma'aikata kaɗai ba: ɗaurin shekara 1 zuwa 6, da tarar yuro 500 zuwa 1,000 a kan kowane ma'aikaci. Amma sai an iya nuna gonar wa aka yi wa aiki, a wace rana.

Sai lissafin jinga. A ƙasashe da yawa, ko da kwando ake biya, jimillar ba za ta gaza mafi ƙarancin ladan awa ba. A ce ladan awa 10 ne, a kowane irin kuɗi. Mutum ya cika kwando 30 a kan 2 kowanne, ya samu 60, amma awa 10 ya yi. Haƙƙinsa 100 ne, yana bin mai aiki giɓin 40 a rana. A kwana 26 ya zama 1,040. Wanda ya rubuta kwanduna bai rubuta awanni ba, ba zai iya wannan lissafin ba, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi. Haka kuɗin da ake yanka: a nemi a ga kowanne a rubuce. Kuɗin dillanci kuwa, yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hana kamfanonin samar da aiki cajin ma'aikaci, kuma tsarin bizar H-2A, wato bizar aikin gona na kaka ta Amurka, ma ya hana.

Mai wannan biza ta H-2A ya san da wani haƙƙi da ake yawan ɓoye masa. Dole a ba shi aikin aƙalla kashi uku cikin huɗu na awannin da ke cikin kwangilarsa, ko a biya shi kuɗinsu. Kwangilar mako 10, awa 40 a mako, awa 400 ke nan. In ruwan sama ko ƙarancin amfani ya sa awa 220 kawai aka ba shi, yana bin mai aiki kuɗin awa 80 don a cika 300. Sharaɗin shi ne ya kai ƙarshen kwangila. Wanda ya gudu a tsakiya, ko aka rubuta cewa ya gudu, ya rasa wannan, shi ya sa wasu masu gona ke matsa wa mutane lamba a makonnin ƙarshe.

Wa'adi kuma ba ya jiran kowa. Neman albashin da aka riƙe: shekara 1 a Sifaniya, 3 a Faransa, 2 a dokar tarayyar Amurka, ko 3 in da gangan aka yi. Ƙalubalantar kora ya fi gajarta, a Sifaniya kwanakin aiki 20 ne kacal.

Kada a sa hannu a takardar da ba a iya karantawa ba. Sau da yawa abin da ake miƙowa a ce rasit ne, a ciki an rubuta cewa ka karɓi duk haƙƙinka ko ka ajiye aiki da kanka. In ba makawa, a rubuta kusa da sa hannun, ko da a harshenka ne, cewa ba ka fahimta ba kuma ba ka yarda ba, a sa kwanan wata, a ɗauki hoto.

Malama Jinya:

Ku bari in sa baki a kan rauni da ciwo, don a nan ne ake asarar rai, ba kuɗi kaɗai ba. A watan Yuni 2024 a yankin Latina na Italiya inji ya cire wa wani ma'aikaci ɗan Indiya hannu, maimakon asibiti aka kai shi ƙofar gidansa aka ajiye, ya rasu bayan kwana biyu. Tsoron a gane an ɗauki marar takarda aiki ne ya sa aka yi wa ɗan adam haka.

Duk wanda ya ji rauni a gona, ya faɗa wa likita tun a ganin farko cewa a wurin aiki ne, ya faɗi sunan gonar da lokacin, ya tabbatar an rubuta. Masu gona kan ce ka ce daga keke ka faɗo. Da zarar wannan ƙaryar ta shiga fayil, neman diyya ya zama hawan dutse. A Italiya hukumar inshorar haɗarin aiki tana biyan ma'aikaci ko da mai aikin bai yi masa rajista ba, daga baya ta bi mai aikin.

Maganin feshi na dangin oganofosfet yana da alamomi sanannu: ƙwayar ido ta ƙanƙance, zufa da yawu su yi yawa, amai, gudawa, tsoka tana rawa, numfashi yana wuya. A fitar da mutum daga gonar, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa, ido kuma a zuba masa ruwa mai tsabta na minti 15, a garzaya asibiti. Kada a sa shi amai. Wani ya ɗauki hoton takardar da ke jikin galan ɗin, gaba da baya, domin sunan sinadarin ne ke gaya wa likita abin da zai bayar. A roƙi a yi gwajin jini na kolinestares da wuri, don yana komawa daidai a hankali, hujjar ta tafi da shi. Kowace takardar magani tana ɗauke da awannin da za a jira kafin a sake shiga gonar da aka fesa, kuma karya wannan ƙa'ida na sa mutane shan guba, sai a fesa da safe a tura mutane tsinka da rana. A Amurka dole mai gona ya ajiye bayanan feshi na shekara 2.

Zafi ma haka. Kalifoniya ta wajabta inuwa da zarar zafi ya wuce kusan digiri 27, da ruwan sha kusan lita ɗaya a awa ga kowane mutum. Yankin Puliya na Italiya ya sha hana aikin gona daga ƙarfe 12:30 zuwa 4 na yamma a ranakun tsananin zafi. Mai aikin jinga shi ya fi shiga haɗari, don yana ganin duk hutun da ya yi kwando ne ya rasa. Wanda ya fara ruɗewa ko sambatu a rana, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take a kira motar asibiti. Yarjejeniya ta 184 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2001, kan lafiyar ma'aikatan gona ta ce ma'aikaci yana da ikon janye jikinsa daga haɗarin da ke gabansa, kuma ɗan aikin kaka kariyarsa ɗaya da ta ma'aikacin dindindin.

Malam Dattijo:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ina tsoron mai karatu ya tashi da zaton cewa gobe ya shiga ofishin sufeton ƙwadago ya fito da kuɗinsa. A ƙa'ida, yarjejeniya ta 129 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1969, ta wajabta wa sufeton gona ɓoye wanda ya kai ƙorafi, ta kuma ce kada a ɗora masa wani aiki da zai hana shi kare ma'aikata. A aikace, ƙasashe da dama suna tura sufeto tare da 'yan sanda, ko su tilasta masa sanar da hukumar shige da fice. Sai mai ƙara ya riga wanda aka kai ƙara shiga motar 'yan sanda. Gaba kura baya sayaki.

Shi ya sa jerin matakan yake da muhimmanci. Marar takarda ya fara da ƙungiyar ƙwadago ko lauyan taimakon kyauta, ba ofishin gwamnati ba, kuma tambayarsa ta farko ita ce: a wannan ƙasa, ofishin ƙwadago yana ba hukumar shige da fice bayani? Dokar Turai ta 2009 ta yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin ma'aikaci da yardarsa. Mutum goma da littattafansu goma da suka yi daidai da juna sun fi mutum ɗaya wuyar kora da wuyar ƙaryatawa.

A lissafa wa lauya komai, kada a tsaya kan albashi. Riƙe fasfo, bashin da ba ya ƙarewa, barazanar kiran hukuma, hana fita, riƙe lada, duk suna cikin alamomi 11 na aikin tilas da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zayyana. In suka taru, maganar ta tashi daga rigimar albashi ta koma laifi, kuma ƙofar izinin zama na iya buɗewa. Yarjejeniyar Majalisar Turai ta 2005 kan safarar mutane ta ba wanda ake zaton an yi safararsa aƙalla kwana 30 da ba za a kore shi ba. Amurka tana da bizar T ta waɗanda aka yi safararsu, da ta U ta waɗanda aka yi wa wasu manyan laifuffuka. Kanada tun 2019 tana ba wanda ake zalunta izinin aiki da bai ɗaure shi ga mai aiki ɗaya ba. Mata su faɗi cin zarafin da ake musu a gona ko a masauki, yana cikin abin da ake dubawa.

A ganina tushen cutar shi ne bizar da ke ɗaure mutum da mai gona ɗaya. Wanda aikinsa da ɗakinsa da izinin zamansa da damar dawowa baɗi duk suke hannun mutum guda, ko an rubuta masa haƙƙi ɗari da wuya ya nemi ɗaya. Saudiyya ta sassauta canjin mai aiki a 2021, amma gyaran bai haɗa da ma'aikatan gona da makiyaya ba.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu: fasfon da aka riƙe fa? Kuma wanda aka riga aka kama za a mayar da shi gida, kuɗinsa ya tafi ke nan?

Barista A.:

Fasfo mallakin gwamnatin da ta bayar da shi ne, mai gona ba shi da hurumin riƙe shi ko da sunan bashi. A nema a rubuce, ta saƙon waya, a sa rana: ina buƙatar fasfona kafin ranar kaza. Amsar da ya bayar, ko shirun da ya yi, ta zama hujja. In ya ƙi, ƙungiya ko lauya su rubuta masa, ofishin jakadanci kuma yana iya ba da takardar tafiya ta gaggawa. Amma wanda ya nemi mafaka saboda tsoron gwamnatinsa kada ya kusanci ofishin jakadancin ƙasarsa kafin ya ga lauya, hakan na iya rushe masa buƙatar.

Wanda aka tsare yana da ikon a sanar da ƙaramin jakadan ƙasarsa in ya buƙata, bisa sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963. Ya nemi tafinta, ya faɗa a rubuta cewa yana bin mai aiki albashi, ya ambaci gonar da adadin. Kada ya sa hannu a takardar komawa gida da son rai kafin lauya ya duba ta. Abin da ya fi komai amfani kafin jirgi ya tashi shi ne takardar wakilci: ya ba lauya ko ƙungiya izini a rubuce su ci gaba da ƙarar, ya bar kwafin littafinsa da hotuna, lambar wayar da za a same shi a gida, lambar wani ɗan'uwa ta biyu, da asusun da za a tura kuɗi. Yarjejeniya ta 143 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1975, wadda Italiya ke cikinta, ta ce a sashe na 9 marar takarda yana da haƙƙin ladan aikin da ya yi a baya, kuma ba shi zai biya kuɗin korar tasa ba. Wa'adin da Ɗan Ƙungiya ya lissafa yana ci gaba da tafiya ko mutum ya bar ƙasar, don haka a shigar da ƙarar kafin tafiya in da hali, in babu, wakilin ya shigar a makonnin farko.